Wa Ya Shanye Ruwan Auta?

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da kowa a gidansu yake ce wa Zumuɗi. Ba sunan yanka ba ne. Babanta ne ya laƙaba mata shi, don ba ta iya jira. In an ɗora tukunya, ita ce mai buɗe murfi tun ruwa bai yi zafi ba. In an ce gobe za a fita, tun yau takalmi yana ƙafarta. Ta taɓa shuka wake a gwangwani, kullum sai ta tono shi ta duba ko ya tsira. Waken dai bai tsira ba.

Amma fa Zumuɗi tana da zuciya mai kyau. Kuma duk duniya babu abin da take so kamar ƙanenta Auta.

Auta bai cika shekara ba tukuna. Yana da haƙora biyu a ƙasa, da kumatu kamar an hura su. Yana kuma da wata ɗabi'a tasa. Ba ya barci sai da babban yatsan hannunsa na hagu a baki. In aka ba shi na dama, sai ya duba shi ya ture, kamar yatsan wani ne aka aro masa.

Wata rana Auta ya wayi gari da zawo da amai. Duk abin da ya shiga cikinsa sai ya fito. Kafin a ankara, kumatun nan sun zube. Mama ta sungume shi, Baba ya tare mota, sai asibiti. Likita ya duba shi ya ce sai an ba shi gado.

Washegari da aka tashi daga makaranta, Baba ya kai Zumuɗi ta ga ƙanenta.

Ɗakin yara dogo ne, gadaje a jere. Kowane gado da ƙarfe a gefensa don kada yaro ya faɗo. An zana kifaye da giwa a bango, fanka tana juyawa a hankali. Auta yana gadon kusa da taga. An rataye ledar ƙarin ruwa a jikin wani ƙarfe. Siririyar roba ta sauko daga ledar har bayan hannunsa, inda aka sa allura. An ɗaure hannun a kan ɗan katako da bandeji don kada ya lanƙwasa shi.

Hannun hagu ne.

Auta ya yi ta ƙoƙarin kai yatsansa baki, katako ya hana. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can. Da ya gaji sai ya sa kuka ƙasa-ƙasa. Zumuɗi ta ji kamar ita aka ɗaure.

"Mama, me ya sa ba su sa masa a hannun dama ba?"

"A hagun aka samu jijiya, 'yata," in ji Mama. Idanunta sun yi ja saboda rashin hutu.

Ana haka sai nas ɗin ɗakin ta zo. Doguwar mata ce mai tabarau, da agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Yara suna ce mata Anti Nas. Ta zo da ƙaramin cokali da wani kofi mai layuka a jikinsa. Ta ce ruwan gishiri da sukari ne a ciki, an haɗa shi daidai yadda jikin yaro yake bukata.

Zumuɗi ta gaishe ta, ta kuma jefo tambayar da ke cin ta.

"Anti Nas, yaushe za a cire masa allurar nan?"

"Ranar da bakinsa ya karɓi aikin robar nan," in ji Anti Nas. "Idan ya fara shanye kofinsa, yana kuma kama nono sosai, sai mu rage ruwan leda. In ya ci gaba, mu cire gaba ɗaya."

Ta ƙara bayani a kan sikeli da kunzugu da layukan kofi. Amma Zumuɗi ba ta ji sauran ba. Abu ɗaya ne ya shiga kunnenta: kofi ya ƙare, allura ta fita.

Baba tela ne, kuma akwai ɗinkin da ya yi alkawari, don haka ya koma shago. Mama kuma tana da tulin kayan Auta da za ta wanke a famfon baya. Sai ta zaunar da Zumuɗi ta nuna mata yadda ake yi. A ba shi cokali ɗaya, a jira ya haɗiye, a ɗan dakata, sannan a ba shi wani. In ya yi amai a bari ya huta kaɗan, a ci gaba a hankali.

"Na iya, Mama, je ki kawai," in ji Zumuɗi tun Mama ba ta rufe baki ba.

Cokali na farko ya shiga. Na biyu ma ya shiga. Daga nan Auta ya kau da kai. Zumuɗi ta mai da cokalin jirgin sama, tana yi masa ƙara da baki. Auta ya datse haƙoransa biyu. Ta yi masa waƙa, ta yi masa gwalo. Da ya buɗe baki ta zuba, sai ya feso mata a rigar makaranta.

Ta ɗaga kofin ta duba. Ruwan ko layin farko bai gama sauka ba. A wannan tafiya, ta ce a ranta, sai Auta ya yi gemu ba a cire allurar nan ba.

Ta dubi ƙofa, babu kowa. Matar gadon kusa da su tana gyangyaɗi. Ta dubi taga, akwai raga. In ta zuba a ƙasa kuma za a gani. Sai ta toshe hanci, ta kafa kai, ta shanye kofin tas.

Ɗanɗanonsa kamar hawaye ne da aka sa wa sukari. Ta yamutsa fuska ta goge baki.

"Ka gani, Auta, na taya ka," ta raɗa masa a kunne. "Kada ka gaya wa kowa."

Auta ya bi ta da ido. Ko ya so faɗa, ai ba shi da bakin.

Da Mama ta dawo ta ga kofi babu komai, sai fuskarta ta washe. Ta ce tun safe take fama da yaron nan bai sha rabi ba. Anti Nas ma ta zo ta ɗaga kofin ta duba, ta dafa kan Zumuɗi.

"Lallai yayar nan hannunta da albarka," ta ce.

Kan Zumuɗi ya fasu. Abin da aka yi sau ɗaya aka sha yabo kuwa, maimaita shi ba ya wuya. Kafin ta tafi gida ta sake shanye wani kofin. Washegari ma da ta zo, ita da kanta ta ce Mama ta je ta huta. Auta ya sha ɗan abin da ya sha, yayarsa ta ƙarasa masa.

Da likita ya zo zagaye, aka gaya masa yaro yana shanye kofinsa. Ya ji daɗi, ya ce a rage ruwan leda. Can da yamma aka cire allurar, aka kwance katakon. Auta ya duba hannunsa na hagu kamar ya ga tsohon aboki. Ya cusa yatsa a baki, ya lumshe ido.

Zumuɗi ta koma gida tana tsalle. A ganinta duk asibitin babu mai dabararta.

Da safe a makaranta Malama ta tambaye ta jikin ƙanenta.

"Ya warke, Malama. Ni na sa aka cire masa allura."

"Ke kuma? Ta yaya?"

"Sirri ne," in ji Zumuɗi tana murmushi.

Malama ta dube ta. "Mamanki ta san sirrin?"

Zumuɗi ta girgiza kai.

"To, sirrin da ba a iya gaya wa uwa, a sake duba shi da kyau," in ji Malama. Ta juya ta ci gaba da rubutu a allo.

Zumuɗi ta yi ta juya maganar a ranta har aka buga ƙararrawar tashi. Amma ta lallashi kanta. Ai yau ma ƙila a sallame su.

Da suka shiga ɗakin yara ita da Baba, sai ta ga an ja labule an zagaye gadon Auta. Ta leƙa.

Auta yana kwance shame-shame. Zawon ya dawo tun da safe. Leɓunansa sun bushe, idanunsa sun zurma. Maɗigarsa, wato wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri, ta loɓa ciki. Yana kuka amma babu hawaye ko ɗigo. Hannunsa na hagu yana nan a sake, babu katako, babu bandeji. Amma ko ƙarfin kai yatsa baki ba shi da shi.

Anti Nas tana neman jijiya don a mayar da ƙarin ruwa. Ta ce idan ruwa ya yi ƙaranci a jikin yaro, jijiyoyi ɓuya suke yi. Ta nema a hannun dama, ba ta samu ba. Ta sake nema, ba ta samu ba. Sai a ƙafa aka dace. Duk sukar da aka yi wa Auta, Zumuɗi ta ji ta a jikinta.

Likita yana tsaye ya riƙe haɓa. Ya ce wa Baba akwai abin da ya ɗaure masa kai.

"Jiya da shekaranjiya yaron nan ya shanye kofunansa," ya ce. "Amma kunzugunsa bai jiƙe yadda ya kamata ba. Sikeli kuma ya nuna raguwa ya yi. To ruwan da ya sha, ina ya tafi?"

Ya ce yana tsoron ko akwai wata cuta da ba su gano ba tukuna. Sai an ɗebi jini an gwada.

Mama ta rufe fuska da mayafinta. "Ko ni ce ban iya ba shi ba?" ta ce da muryar kuka. "A hannuna ba ya sha. Sai a hannun yayarsa."

Anti Nas ta fita, ta dawo da faranti. A kai akwai auduga da ƙananan kwalabe da wata sabuwar allura.

Zumuɗi ta shiga tunani. In ta yi magana, Baba zai yi fushi. Anti Nas za ta janye yabonta. Kowa a ɗakin zai san ta yi ƙarya. In kuma ta yi shiru, za a sake soka wa Auta allura a kan cutar da ba shi da ita. Ta dubi allurar. Ta dubi siririn hannun ƙanenta.

"Anti Nas, don Allah ki tsaya," ta ce.

Kowa ya juyo.

"Cikina ruwan ya tafi. Ni na shanye."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta faɗi komai tun daga farko, yadda Auta ya ƙi sha, da yadda ta toshe hanci. Ta ce so take a kwance masa hannu ya samu yatsansa.

Likita bai yi mata tsawa ba. Ya durƙusa har kansu ya zo daidai, ya miƙa mata kofin.

"Nuna min gaskiyar inda yake tsayawa," ya ce.

Zumuɗi ta ɗora yatsa a ƙasan layin farko.

Likita ya sauke ajiyar zuciya. "Yanzu lissafi ya fito," ya ce. Ya dubi Anti Nas ya ce ta ajiye allurar nan tukuna. Yaro ba wata ɓoyayyar cuta ce da shi ba, ruwa ne bai ishe shi ba.

Sannan ya yi wa Zumuɗi bayani a hankali. Ya ce jikin jariri yawancinsa ruwa ne, kuma ƙaramin tulu ya fi saurin ƙarewa. Shi ya sa suke ɗora yaro a sikeli, su san yawan ruwan da jikinsa yake bukata. In ya yi kaɗan, yaro ya bushe. In ya yi yawa, ya yi masa nauyi. Abin da ya sha ta baki da abin da ya shiga ta leda, haɗa su ake yi su cika awon.

"Da aka ce mana baki ya sha da yawa, sai muka rufe leda," ya ce. "Kin ga an bar Auta babu ta nan, babu ta can."

Anti Nas ta cire tabarau ta goge. "Kofin da ya rage rabi ba abin kunya ba ne, 'yata," ta ce. "Shi ne yake gaya mana abin da za mu ƙara. Ni ma da na zauna na ga shan nan da idona kafin na yi yabo."

Mama ta jawo Zumuɗi jikinta. Ta ce ita ma ta bar mata aikin da ya fi ƙarfinta. Zumuɗi ta cusa kai a kafaɗarta tana ba ta haƙuri.

Bayan haka Baba ya fita da Zumuɗi. Suka zauna a benci a baranda. Tef ɗin awo yana rataye a wuyansa, don daga shago ya taho.

"Zumuɗi," ya ce, "in mutum ya kawo min awon ƙarya, na yanka yadi na ɗinka riga, za ta shige shi?"

"A'a, Baba."

"Laifin almakashi ne?"

"A'a. Laifin awon ne."

"To likita ma da awo yake aiki. Na san don kina son ƙanenki kika yi. Amma garin neman ƙiba kin samo masa rama." Sannan ya dafa kanta. "Na ji zafin abin da kika yi. Na kuma ji daɗi da kika buɗe baki kafin a soka allurar nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne."

Ya ce daga yau ba za ta ƙara riƙe kofi ita kaɗai ba. In za ta ba Auta, sai Mama tana zaune.

Haka kuwa aka yi. Kullum aka tashi daga makaranta, Zumuɗi tana bakin gadon Auta, Mama tana gefe. Ta ba shi cokali ɗaya. Ta rera masa baitin waƙa har ya haɗiye. Ta jira, sannan ta ba shi wani. Ƙafarta tana ta rawa a ƙarƙashin kujera saboda ƙaguwa, amma hannunta bai yi sauri ba.

In Anti Nas ta zo, sai ta miƙa kofin yadda yake.

"Anti Nas, nan ya tsaya. Ya kuma feso min cokali ɗaya a riga, kada ki lissafa da shi."

"Madalla," in ji Anti Nas. Sai ta je ta daidaita ɗigon ruwan leda.

Sannu a hankali leɓunan Auta suka yi laushi. Maɗigarsa ta taso. Ya koma kama nono da ƙarfi. Anti Nas ta ce ruwa kaɗai ba ya gina jiki, don haka aka fara ba shi ayaba da dankali da aka murƙushe, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. Rabi yana shiga baki, rabi yana tafiya kunne da gashi.

Wata yamma Baba ya ɗauke shi ya ɗora a cinya yana yi masa wasa. Can sai Baba ya dubi wandonsa. Kunzugun Auta ya cika har ya yoyo.

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Anti Nas ta ce duk ranar ba ta ji labari mai daɗin wannan ba, don fitsari mai yawa alama ce ruwa ya ishi jiki. Zumuɗi ta yi ta tafi. Ba ta taɓa zaton za ta yi murna da jiƙaƙƙen kunzugu ba.

"Ku dai yi ta dariya," in ji Baba yana yarfe wando. "Sabon ɗinki ne fa."

Ba a daɗe ba sai ga ranar da cokali ya kankari gindin kofi. Zumuɗi ta leƙa ciki, ta sake leƙawa. Babu ko ɗigo. Ta kai wa Anti Nas da hannu biyu.

Anti Nas ta dube ta ta saman tabarau. "Wa ya shanye?"

"Auta ne. Tambayi Mama."

"A kan idona," in ji Mama.

Auta ya ci gaba da shanye kofunansa. Sikeli ya nuna ya ƙaru. Sai likita ya ce a cire allurar, kuma wannan karon ba a mayar da ita ba.

Ranar sallama Zumuɗi ce ta riƙe jakar kaya. Auta yana kafaɗar Mama, kumatunsa sun fara dawowa. Yatsan hagu yana bakinsa, yana tsotsa da ƙarfi har ana jin ƙara. Da ya ga yayarsa sai ya zaro yatsan, jiƙe da yawu, ya miƙa mata shi ta tsotsa.

"Na gode, Auta," ta ce tana dariya. "Sha abinka. Na daina shan rabonka."

Washegari ta je wurin Malama ta gaya mata sirrin duka. Malama ta tambaye ta abin da ta koya.

"Mara lafiya ba a yi masa gaggawa," in ji Zumuɗi. "Kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da yaro ya ci da abin da ya sha, ko da kaɗan ne. Ƙarya ba ta zama taimako, ko don so aka yi ta."

Har yau a gida Zumuɗi ake ce mata. Amma ta sake shuka wake a gwangwani, ta ajiye a bakin taga. Kullum tana ba shi ruwa daidai gwargwado, ba ta tono shi. Wannan karon ya tsira.